Jean Shepherd

Jean Parker Shepherd (1921–1999) ɗan Amurka ne, mai ba da labari da barkwanci a rediyo, kuma marubuci. An haife shi a Chicago ranar 26 ga Yuli, 1921, ya tashi a Hammond da ke jihar Indiana, garin ma'aikata da ke maƙwabtaka da masana'antun ƙarfe. Ya yi aikin soja a sashen sadarwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya yi aiki a gidajen rediyo na Cincinnati da Philadelphia kafin ya koma tashar WOR ta New York a tsakiyar shekarun 1950, inda ya zauna har 1977.

A WOR ne ya yi suna. Da dare yake shiga ɗakin watsa shirye-shirye, ba takarda a gabansa, ya kama zance kamar mai hira da mutum ɗaya. Sai ya fara da wani abu ƙarami, faɗan mahaifinsa da murhun ɗumama gida ko wahalar kurtun soja, ya ratse nan ya ratse can har mai sauraro ya ɗauka ya ɓata hanya, can daf da ƙarewar lokaci ya ɗaure bakin zaren. Masu sauraronsa ya kira su "mutanen dare", yana bambanta su da "mutanen rana" masu bin jadawali da abin da aka ce musu.

A 1956 ya nuna abin da yake nufi. Ya ce masu sauraro su shiga shagunan littattafai su nemi wani littafi, I, Libertine, wanda babu shi sam, marubucinsa Frederick R. Ewing ma ƙirƙira ne. Nema ya yi yawa har kamfanin Ballantine ya sa marubuci Theodore Sturgeon ya rubuta shi da gaske, aka buga a shekarar.

Labaran yarintarsa sun fito a littafin In God We Trust: All Others Pay Cash a 1966, kuma daga cikinsu aka shirya fim ɗin A Christmas Story na 1983, wanda Bob Clark ya ba da umarni, Shepherd kuma ya zama muryar mai ba da labari. Yawancin Amurkawa a yau ta wannan fim suka san shi, domin tun 1997 ana nuna shi a talabijin awa 24 a jere lokacin Kirsimeti. Abin takaici shi ne fim ɗin ya sa an manta da aikin rediyon, wanda ya fi shi kaifi da ɗaci, ya kuma fi nuna yadda burin talaka ke rushewa. Da yawa daga cikin shirye-shiryen sun tsira ne saboda masoya da suka naɗe su a gida.

Ɗan barkwanci Jerry Seinfeld ya sha faɗin tasirinsa a kansa. Shepherd ya rasu a Florida ranar 16 ga Oktoba, 1999, kuma a 2005 aka shigar da sunansa zauren karrama fitattun 'yan rediyo na Amurka.