Ba Kowane Gudu Ne Maraton Ba

Tun da aka fara gasar gudu ta birnin Legas a 2016, kalmar maraton ta shiga bakin kowa. Jihohi suka shiga yayi, yanzu har ƙaramar hukuma tana da nata. Ƙungiyar matasa za ta buga riguna, a taru a bakin sakatariya da sassafe, a zaga shataletale biyu a dawo tun rana ba ta yi zafi ba, da yamma kuma ka ji a rediyo wai an gudanar da "maraton na kilomita biyar domin zaman lafiya". Ɗan takara ma idan zaɓe ya ƙarato sai ya sa hular wasanni, ya yi sassarfa gaban masu ɗaukar hoto, motarsa na biye da shi a hankali, washegari a ce ya jagoranci maraton. Da Hilda Baci ta shafe kwanaki tana girki a Legas a 2023 kuwa sai abin ya ɓalle gaba ɗaya: maraton na karatu, maraton na waƙa, maraton na kitso.

Na girki da na kitso ba su dame ni ba. Kowa ya san aron suna aka yi, ana nufin abu ne mai tsawo da gajiyarwa. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "maraton na kilomita biyar", domin mai faɗinsa da gaske yake, a zatonsa sunan kowane tsere ne da ake yi a kan titi.

Maraton awo ne. Kilomita 42 da mita 195, ba daɗi ba ragi. Idan a filin wasa ne mai zagayen mita 400, zagaye 105 ne da rabi. Idan a titi ne, ka ɗauka kusan daga Kano zuwa Wudil. Wanda ya ce maraton na kilomita biyar tamkar mai hatsi ne da ya auno maka gwangwani ɗaya ya ce ga ƙaramin mudu. Mudu ba shi da ƙarami, ko dai ya cika ko kuwa ba shi ba ne. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne rabin maraton, kuma shi ma awo ne tsayayye, kilomita 21 da mita 97 da rabi. Shi aka yi a Kaduna a watan Nuwamban 2020, sai dai a baki da kan riguna kalmar "rabi" ta riƙa ɓacewa. Abin da ya zarce 42 yana da nasa ajin daban, kamar gasar Comrades ta Afirka ta Kudu da ake yi tsakanin Durban da Pietermaritzburg, mai kusan kilomita 90. Na kilomita biyar da na goma kuwa tseren titi ne, kuma babu abin kunya a sunan. Gasar Okpekpe ta jihar Edo kilomita goma ce, da wannan sunan take tallata kanta, kuma hakan bai hana 'yan Kenya da Habasha zuwa su kwashe kyaututtukanta ba.

Mu ma a Hausa mun taimaka wa ruɗanin. Gidajen rediyo suna da kalmomi biyu da suke juyawa, gudun fanfalaki da gudun ya-da-ƙanin-wani. Na biyun ya fi burge ni, don duk wanda ya taɓa bin yayyensa yawo yana yaro ya san shi: manya su zuba da gudu, su ƙi tsayawa, har ƙaramin da ya liƙe musu ya gaji ya koma gida yana kuka. Suna ne mai kyau ga kowane dogon tsere, amma babu awo a cikinsa. Sai mai fassara ya ga tseren mita dubu goma ya ce fanfalaki, ya ga maraton ya ce fanfalaki, mai sauraro kuma ya ɗauka abu ɗaya ne.

Asalin kalmar sunan gari ne a ƙasar Girka, inda mutanen Atina suka ci rundunar Farisa da yaƙi a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da kowa ke maimaitawa shi ne wani manzo mai suna Fidifidis ya taso daga fagen fama a guje har Atina, ya ce mun yi nasara, ya faɗi ya mutu. Hirodotus, wanda ya rubuta tarihin yaƙin, bai kawo wannan ba. Abin da ya ce shi ne an aiki Fidifidis daga Atina zuwa Sparta neman agaji kafin a gwabza, tafiyar kusan kilomita 240. Labarin faɗuwa da mutuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru ya bayyana a rubuce-rubucen wasu. Amma ya fi daɗin ji, don haka da za a farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, wani masanin harsuna Bafaranshe, Michel Bréal, ya ba da shawarar a yi tsere daga garin Maraton zuwa Atina. Wani Bagirke mai suna Spyridon Louis ya cinye shi cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50. Tsawon hanyar kimanin kilomita 40 ne.

To ina aka samo ƙarin kilomita biyu da wannan 'yar wutsiya ta mita 195? Daga Ingila, kuma ba wani masani ne ya zauna ya lissafa ba. A gasar Olamfik ta Landan a 1908, masu shiri suka sa a taso daga harabar fadar Windsor, a ƙare a cikin filin wasa na White City, daidai gaban rumfar 'yan gidan sarauta. Da aka auna, sai aka sami mil 26 zuwa filin, da yadi 385 a cikinsa. Shi ne 42.195 ɗin. Da rumfar sarauniya tana wani gefen, da yau wani adadin muke haddacewa.

Abin da ya sa adadin ya zauna shi ne abin da ya faru a cikin waɗannan yadi 385 ranar 24 ga Yuli. Ana zafi. Wanda ya fara shigowa filin wani ɗan siririn Ba'italiye ne, Dorando Pietri, mai aiki a shagon kayan zaƙi a garin Carpi. Ya shigo hankalinsa ya riga ya gushe, ya juya ta inda ba nan ba ne, alƙalai suka mai da shi hanya. Ya faɗi. Aka tashe shi. Ya sake faɗuwa, aka sake tashe shi, har kusan sau biyar, dubban mutane na ihu, wasu na ganin mutuwa zai yi a gabansu. Tazarar da lafiyayyen yaro zai gama cikin minti biyu ta ɗauke shi kusan minti goma, kuma a ƙarshe da hannun jami'ai a jikinsa ya tsallake layi. Bayansa da rabin minti Ba'amurke Johnny Hayes ya iso da ƙafarsa. Amurkawa suka kai ƙara, aka soke nasarar Pietri, aka ba Hayes zinariya. Sarauniya Alexandra ta ji tausayi ta ba Pietri kofi na musamman, jaridu suka mai da shi gwarzo, ya fi wanda ya ci suna nesa ba kusa ba. Kafin shekarar ta ƙare 'yan kasuwa sun haɗa shi da Hayes a birnin New York su sake karawa don kuɗi, a kan wannan tazarar dai, don kada wani ya ce ba irin ta Landan ba ce, kuma Pietri ya rama. Duk da haka Olamfik ta ci gaba da canjawa: kilomita 40.2 a Stockholm a 1912, sai 42.75 a Antwerp a 1920. Sai a 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da awon Landan, aka yi amfani da shi a Faris a 1924, kuma har yau shi ne.

Mai gardama zai ce, ai ka kashe kanka da bakinka: tunda wurin zaman sarauniya ne ya haifar da adadin, mene ne na tayar da jijiyar wuya a kansa? Amsar tana jikin Pietri. Adadin ya zo ne bisa katari, amma ya faɗo a wurin da jikin ɗan Adam ke canjawa. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kimanin kalori 2,000, kuma mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa a kowane kilomita. Mutum mai kilo 65 zai buƙaci wajen 2,700 kafin ya gama maraton. Lissafin bai kai ba. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 zuwa 35 ajiyar ke ƙarewa, jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Masu gudu suna kiran wurin bango. Ƙafa ta yi nauyi, cinya ta riƙe, mutum ya ga alamar kilomita 34 ya kasa lissafa nawa suka rage. Wanda ya taso da zafin kai tun farko, yana wuce mutane yana ɗaga wa 'yan kallo hannu, nan za ka same shi zaune a bakin kwalbati. A tseren kilomita biyar babu wannan. A na goma babu. Ko a rabin maraton yawancin mutane suna gamawa kafin su iso shi. Saboda haka maraton ba rabin maraton sau biyu ba ne. Kilomita goman ƙarshe wani wasa ne daban, kuma su ne ake kira da sunan.

Mutanen da nake ji wa ciwon wannan ba su Eliud Kipchoge, shahararren ɗan maraton na Kenya, ba ne. Su sunansu ya riga ya yi nisa. Ina nufin malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗan kasuwa mai shekara arba'in da wani abu, wanda ba zai taɓa cin ko sisi a gasa ba, burinsa kawai ya gama. Irin wannan yana shafe wata huɗu ko biyar yana shiri. Ya fita bayan sallar asuba sau uku ko huɗu a mako, kafin rana ta fito da ƙarfinta, yana kauce wa ramuka da karnuka da masu babur, yana haƙuri da masu tambayarsa wa ya biyo shi. Ranar hutu ya yi dogon gudu a hankali, yana ƙara tsawonsa kaɗan-kaɗan har ya kai kilomita 30 ko 32. Ya koyi shan ruwa yana cikin gudu, ya koyi cin ɗan abu mai zaƙi, dabino ko ayaba, tun kafin yunwa ta zo. Ya gano cewa ruwa zalla idan ya yi yawa shi ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini. Farcen ƙafarsa ya yi baƙi ya fita. Saura mako biyu ko uku ya rage gudu don jiki ya murmure, abin da ke yi wa sabon shiga wuya fiye da gudun kansa, don gani yake kamar ƙarfinsa zubewa yake. Ranar gasa ya kwashe awa huɗu ko biyar a kan titi. Ya dawo wurin aiki yana ɗingishi da lambarsa a aljihu, sai abokin aikinsa ya ce ai ni ma na yi maraton a watan jiya, wanda shugaban ƙaramar hukuma ya shirya. Me zai ce masa?

Akwai kuma haɗarin da ke cikin abin. Matashin da aka ba takardar shaidar "maraton" bayan minti talatin na gudu, gobe idan ya ji ana rajistar ta Legas zai ce ai ya saba. Ta Legas kuwa kilomita 42 ce cikakkiya, cikin zafi mai ɗanshi da ke hana gumi bushewa. Ƙarfin ƙuruciya yana kai mutum kilomita 15, wataƙila 20. Daga nan sai abin da ya shuka a watannin baya.

A wajen masu abin, ko awon ba a yi da wasa. Ba da mota ake aunawa ba, ba kuma da wayar hannu ba. Keke ake ɗaura wa wata 'yar na'ura mai ƙirga juyawar taya, a gwada shi a kan tazarar da aka auna da tef na ƙarfe, sannan ƙwararren mai awo ya bi hanyar ta mafi gajartar layin da mai gudu zai iya bi, yana yanke kowace kwana. Bayan haka a ƙara mita ɗaya a kan kowane kilomita, wato mita 42 gaba ɗaya, don gudun kada hanyar ta gaza. Idan gangara ta yi yawa, ko wurin tashi ya yi nisa ainun da wurin ƙarewa ta yadda iska za ta iya tura mutum ta baya, ba a karɓar tarihin da aka kafa a wurin. Gasar Boston, wadda ake yi tun 1897, tana cikin waɗanda wannan doka ta hana, duk da tsufanta da darajarta. Kipchoge ya yi cikakkiyar tazarar a Vienna a watan Oktoban 2019 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, duniya ta gani da idonta, amma ba a rubuta shi a matsayin tarihin gasa ba, saboda masu tare masa iska suna ta karɓeɓeniya kuma ana miƙo masa abin sha daga kan keke. Wanda aka kafa a 2023 aka kuma karɓa shi ne na marigayi Kelvin Kiptum a Chicago, awa 2 da daƙiƙa 35, wato kowane kilomita cikin ƙasa da minti uku, sau arba'in da biyu a jere.

A nan gida kuwa sau da yawa direba ne zai zaga da mota ya kalli mitarsa ya ce ya yi. Masu asara su ne yaranmu masu gudu na gaske, irin na tsaunukan Filato da ke zuwa kan gaba cikin 'yan Najeriya a gasar Legas. Yaro zai ci tsere a hanyar da ba a auna ba, a sanar da lokacin da ya fi ƙarfin hankali, a tafa masa, a ba shi babur. Idan ya kai wannan lokacin wajen mai horarwa ko mai shirya gasa a waje, tambayar farko ita ce wa ya auna hanyar, kuma daga nan zancen ke mutuwa.