Mene ne NFC, kuma katin banki na iya tona inda mutum yake?

Duba katin ATM ɗinka. In ka ga wasu lanƙwasassun layuka huɗu a jere, kamar alamar wayfai da aka kwantar, to yana ɗauke da NFC. Ma'anarsa sadarwa ta kurkusa: kati da na'urar POS su gaisa ba tare da an zura shi ciki ba. Reshe ne na fasahar RFID, wadda ake gane kaya da ita ta igiyar rediyo, kuma daga nan jita-jitar cewa katin banki na ɗauke da "cip mai bin sawu" ta samo tushe.

Abu biyu ne a cikin robar katin: cip, da siririn zaren waya da aka kewaya a matsayin eriya. Babu batir, babu GPS. Na'urar POS ce ke fitar da maganaɗisu a kan mita 13.56 MHz, eriyar ta tsotsi wuta daga ciki, cip ya farka. An tsara su yi aiki a tazarar kusan santimita 4. Da zarar an janye katin, ya koma gawa. Katin da ke aljihunka a tasha ba ya aika komai ko'ina.

Matsalar ita ce kati ba ya tantance mai tambaya. Waya mai NFC da manhajar da ta dace, in aka manna ta da aljihunka, tana iya karanto doguwar lambar katin da ranar ƙarewarsa. Wasu tsofaffin katuna har sunan mai kati suke bayarwa. Lambar sirri ba ta fita, haka ma lambobi ukun nan na bayan kati. Kuma kowane ciniki da nasa hatimin lissafi, wato lambar tabbaci da cip ke ƙirƙira, wanda ba ya maimaituwa, don haka abin da aka karanto bai isa a ƙera katin cip na jabu ba. Ya dai isa a gwada sayayya a shafukan intanet masu sakaci da tantancewa.

Ainihin bin sawun yana cikin rajista ne. Duk inda ka taɓa kati, an rubuta wuri, lokaci da adadin kuɗi. A Landan, inda ake shiga jirgin ƙasa da taɓa katin banki, hukumar sufuri na riƙe da tashar da ka shiga da wadda ka fita. Katin da ake zurawa ma yana barin irin wannan sawu.

Hatsarin da ya fi yawa ba ya buƙatar wata fasaha: kati ya faɗi, wani ya tsinta, ya yi ta ƙananan sayayya ba a nemi lambar sirri ba. Shi ya sa ake sa iyaka. Birtaniya ta kai tata fam 100 a 2021. A Najeriya, Babban Banki ya fitar da ƙa'ida a 2023: naira 15,000 a ciniki ɗaya, naira 50,000 a jimillar yini, abin da ya haura sai an tantance mai kati.

Wanda ya fi wuyar tarewa shi ne satar miƙa-miƙa. Waya ɗaya na kusa da katin, ɗaya na gaban na'urar biya a wani wuri, intanet na haɗa su. Na'ura ta yi tambaya, a miƙa wa katin gaske, ya amsa, a miƙo amsar. Hatimin da ya fito na gaskiya ne, shi ya sa banki ke karɓa. A 2024 kamfanin tsaron kwamfuta ESET ya bankaɗo manhajar damfara mai suna NGate a Jamhuriyar Cek. Ana yi wa mutum saƙo da kira da sunan banki, a sa shi sauke manhaja, ya rubuta lambar sirrinsa, ya ɗora kati a bayan wayarsa "don tantancewa", ɓarawo kuma yana tsaye gaban ATM yana jiran kuɗi. Lura, mai katin ne ya manna shi da hannunsa.

Jakar kati mai rufin ƙarfe tana tare igiyar, ko takardar alminiyom ma ta wadatar, amma ba ta maganin katin da ya ɓata ko kiran 'yan damfara. Abin da ya fi amfani: kunna alat na kowane ciniki, ka haddace hanyar toshe kati ta bankinka, ka kashe taɓa-ka-biya in manhajar bankin ta ba da dama. A wajen mai POS, karanta adadin da ke fuskar na'ura kafin ka taɓa, kada ka miƙa katin a taɓa maka. Kada kuma ka kara walat gaba ɗaya, don in katuna biyu ne a ciki, na'ura kan ƙi karantawa ko ta cire daga wanda ba ka nufa ba.