Idan ma'aurata a Amurka suka aika fom na 8379 alhali babu bashi

A Amurka doka ta ba mata da miji damar shigar da bayanin harajinsu a takarda ɗaya, kuma idan abin da aka cire daga albashinsu a tsawon shekara ya zarce harajin da ke kansu, hukumar haraji ta ƙasar, wato IRS, takan mayar musu da rarar. Sai dai Baitulmalin ƙasar yana da ikon tare wannan rara don biyan tsohon bashin da ake bin ɗayansu, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora wa mutum bai biya ba, ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, ko harajin jiha da ya maƙale. An yi fom na 8379 ne domin wanda bashin bai shafa ba ya nemi a ware masa kasonsa.

Yakan faru mutum ya haɗa wannan fom da takardarsa, sau da yawa saboda ya amsa wata tambaya ta manhajar haraji ba tare da ya fahimce ta ba, daga baya ya gano ba a bin kowa komai. Abin da zai yi asara a nan lokaci ne, domin fom ɗin ba ya ƙara haraji kuma ba ya rage shi. Yawancin takardun da aka shigar ta intanet akan biya rararsu cikin kwana 21, amma wadda ke ɗauke da 8379 takan ɗauki kimanin mako 11, idan ta gidan waya aka aika kuwa mako 14. Idan hukuma ta duba ba ta ga bashi ba, sai ta saki kuɗin, ko da yake tana iya raba su gida biyu, kowa da sunansa, in ba a yi alama a gurbin da ke neman a biya da sunayensu tare ba.

A ganina, kuskure mafi girma shi ne garajen gyara. Fom na 1040-X na gyaran alƙaluma ne, irin su kuɗin shiga da aka manta, kuma shi ma yakan ɗauki makonni da yawa, saboda haka aika shi don kawai a janye 8379 ƙarin jira ne a kan jira. Sake shigar da takardar gaba ɗaya ya fi wannan muni. Abin da ya fi dacewa shi ne a kira layin Baitulmali na tare kuɗi, 800-304-3107, a tabbatar babu bashi da sunan kowannensu, sannan a riƙa duba matsayin rarar a shafin IRS.

Amma a duba lambar fom ɗin da kyau, domin akan rikita shi da 8857, wanda mutum ke neman a sauke masa alhakin harajin da abokin zamansa ya jawo ta hanyar ɓoye kuɗin shiga ko yin bayanin da ba daidai ba. Wannan ya fi nauyi, don doka ta wajabta wa IRS ta sanar da ɗaya ɓangaren cewa an shigar da buƙatar, ko da aure ya mutu. Wanda ya aika 8857 bisa kuskure kada ya zauna jira, ya rubuta wa ofishin da ya karɓi fom ɗin cewa ya janye, ya sa hannu, ya kuma ajiye kwafi.