Mace a matsayin koci: tambayoyi da amsoshi daga karkarar Kano da Jigawa

Wai mace za ta iya horar da 'yan ƙwallon ƙafa?

An riga an gani. Eucharia Uche ce ta jagoranci Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, suka ci kofin Afirka na mata a 2010 a Afirka ta Kudu. Florence Omagbemi ta maimaita a Kamaru a 2016, bayan ta sha ɗaga kofin tana 'yar wasa. A Sudan, Salma al-Majidi ta horar da ƙungiyar maza da lulluɓinta. Sarina Wiegman kuwa sau uku a jere tana cin kofin Turai na mata: da Holan a 2017, da Ingila a 2022 da 2025. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarancinsu. A gasar cin kofin duniya ta mata a 2023, cikin ƙasashe 32 da suka je, 12 kaɗai ne mace ke jagoranta.

Mu da ke ƙauye, me ya haɗa mu da wannan zance?

A ganina ya fi shafar mu a kan kowa. Uba a Ɓaɓura ko Ɗambatta ba zai bar 'yarsa da ta fara tasawa ta bi namiji fili bayan la'asar ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma in malama ce da ya san gidansu, ya san mijinta, yana ganin ta a wurin suna da biki, sai ka ji ya ce, "Ta je, amma ta dawo kafin magariba." Akwai kuma abin da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, kamar ciwon mara lokacin al'ada. Sai dai kawai a daina ganin ta. Shi ya sa yarinyar da ta fi kowa gudu a firamare, tana shiga sakandare zancen wasa ya mutu. Rashin mace mai horarwa ne ke rufe ƙofar tun kafin a je ga maganar ƙwallo da takalmi.

Batun sutura fa?

Tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabi. Ita koci ma tana bakin fili ne, da shigarta ta mutunci.

Ta ina ake samun takardar horarwa?

Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da lasisi hawa-hawa: D, C, B, A, sannan Pro. Hukumar ƙwallon ƙasarmu, NFF, ce ke shirya kwasa-kwasan a Najeriya, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Matsalar ita ce a manyan birane ake yin su. Ga kuɗin rajista, ga na mota, ga na masauki, ga kwanakin da za a yi ba a gida. Mai goyo ta bar jaririn wa wa? Wane miji ne zai bar matarsa ta tafi Legas kwas ita kaɗai? Nan ne mata ke zubewa, tun ba a kai ga jarrabawa ba.

To da su wa za a fara?

Da malaman motsa jiki mata da ke makarantunmu. Jami'ar Bayero tana da sashen wannan fanni, kwalejojin ilimi irin na Gumel da Sa'adatu Rimi kuma suna yaye malamai duk shekara. Makarantun kwana na 'yan mata suna da fili cikin katanga, ba idon jama'a. Abin da ya rage shi ne hukumar ƙwallo ta jiha ta kawo kwas ɗin farko Dutse ko Haɗeja ko Bichi lokacin dogon hutu, ƙaramar hukuma ta biya rajista, a yarda mai goyo ta zo da 'yar raino. A kuma je a gaida dagaci da liman a yi musu bayani kafin a busa usur.

Daga filin makaranta ana iya kaiwa babban mataki kuwa?

Hanyar da nisa, ba zan ɓoye ba. Ba a hawa daga lasisi zuwa na gaba sai an yi aiki da ƙungiya, kuma aikin ne ba a ba su. Sau da yawa in an ɗauki mace, kula da jin daɗin 'yan wasa ake ba ta, ita ce rabon ruwa da haɗa kaya, tsara wasa kuwa na maza ne. Wannan yana ɓata min rai, domin da haka takarda ke tsufa a akwati. Ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Jigawa Golden Stars za su iya ɗaukar mace mataimakiyar koci a ɓangaren yara, a ba ta atisaye ta gudanar da kanta, a zauna da ita ranar fitar da sunayen 'yan wasa, a kuma biya ta albashi daidai da namijin da ke kan wannan kujera.