Ƙarar makullai a dandali: tambayoyi kan yadda Cek da Sulobak suka ƙwaci 'yanci, suka kuma rabu ba tare da jini ba

Duk ranar 17 ga Nuwamba za ka ga mutane a Prague, babban birnin Cek, suna durƙusawa a bakin titin Narodni suna kunna kyandira. A Bratislava, babban birnin Sulobakiya, ma haka ake. Ƙasashe biyu ne yanzu, Jamhuriyar Cek da Sulobakiya, amma ranar tunawa ɗaya suke da ita.

Su waye Cek da Sulobak, kuma me ya haɗa su a ƙasa ɗaya?

Ƙabilu biyu ne makusanta a tsakiyar Turai. Harsunansu sun yi kusa ƙwarai, har mutumin Prague zai iya hira da na Bratislava ba tafinta. Sai dai tarihi ya raba musu iyayen gida. Shekaru aru-aru Cek suna ƙarƙashin Ostiriya, su kuwa Sulobak suna ƙarƙashin Hangari. Ɓangaren Cek ya samu masana'antu da manyan makarantu, na Sulobak ya zauna da noma da riƙo da coci.

Da daular Ostiriya da Hangari ta fara rugujewa a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, mutum uku suka yi ta yawo tsakanin Faransa da Ingila da Amurka suna neman goyon baya: Tomas Masaryk, malamin falsafa, da almajirinsa Edvard Benes, da Milan Stefanik, ɗan Sulobak masanin taurari kuma matuƙin jirgin sama. Ranar 28 ga Oktoba 1918 aka shelanta Cekosulobakiya a Prague, bayan kwana biyu shugabannin Sulobak suka amince a garin Martin. Masaryk ya zama shugaban ƙasa na farko.

A nan akwai abin da zai ba mutumin Kano dariya. Sunan Bata, wanda har yau ake kiran wani yanki na Sabon Gari da shi, daga can ya taso. Tomas Bata ne da 'yan uwansa suka kafa kamfanin takalmin a garin Zlin a 1894. Ke nan mun daɗe muna taka ƙasa da sunan mutumin Cek.

In sun samu 'yanci tun 1918, wane 'yanci kuma ake ta magana a kai?

Ƙwace shi aka yi, har sau biyu. A watan Satumba 1938 shugabannin Jamus da Italiya da Ingila da Faransa suka zauna a Munich, suka yanka wa Hitler yankin Sudeten inda Jamusawa suka fi yawa. Masu ƙasar ba a ko ba su kujera a wajen zaman ba, an yi musu aski ne ba sa nan. A watan Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prague, aka kuma kafa wata gwamnati a Sulobakiya ƙarƙashin limamin coci Jozef Tiso, wadda ke rawa da kiɗan Hitler, har ta miƙa dubban Yahudawanta aka kai su sansanonin kisa. Amma Sulobak ɗin ne kuma suka yi bore da makami a watan Agusta 1944.

Ƙwace na biyu ya zo a Fabrairu 1948, lokacin da 'yan gurguzu ƙarƙashin Klement Gottwald suka karɓe mulki gaba ɗaya da ɗaurin gindin Tarayyar Sobiyet. Shekara 41 suka yi a kai.

Ba su taɓa yunƙurin kuɓuta ba kafin 1989?

Sun yi. A farkon 1968 Alexander Dubcek, ɗan Sulobak, ya zama shugaban jam'iyyar gurguzu mai mulki, ya ce yana son gurguzu mai fuskar ɗan Adam. Aka sassauta wa jaridu, mutane suka fara faɗin abin da ke ransu. Mosko ba ta lamunta ba. A daren 20 ga Agusta tankokin Sobiyet da na ƙawayenta suka kwararo cikin ƙasar. Jama'a ba su da makami, sai suka riƙa cire allunan sunayen tituna da lambobin gidaje don baƙin su ɓata hanya. A Janairu 1969 wani ɗalibi, Jan Palach, ya cinna wa kansa wuta a dandalin Wenceslas da ke tsakiyar Prague, ya mutu bayan kwana uku.

Abin da ya biyo baya ya fi tankoki cin rai. Aka kori ɗaruruwan dubbai daga jam'iyya, farfesa ya koma mai wankin tagogi, ɗan jarida ya koma mai hura wutar tukunyar ɗumama gidaje. Dubcek kansa aka mayar da shi ƙaramin ma'aikaci a hukumar gandun daji. A 1977 wasu 'yan tsiraru, ciki har da marubucin wasan kwaikwayo Vaclav Havel, suka sa hannu a wata takarda da ake kira Yarjejeniyar 77. Roƙonsu kawai gwamnati ta cika alkawuran kare haƙƙin ɗan Adam da ita da kanta ta sa wa hannu. Havel ya sha ɗauri na shekaru a kan haka.

To me ya faru ranar 17 ga Nuwamba 1989?

Ɗalibai ne suka fito, kuma da izinin hukuma, don tunawa da cikar shekara 50 da rufe jami'o'in Cek da 'yan Nazi suka yi. Mako guda kenan da faɗuwar katangar Berlin, zukata sun riga sun tafasa. Da taron ya nufi tsakiyar gari, 'yan sanda suka tare su gaba da baya a titin Narodni. Ɗaliban suka zauna a ƙasa da kyandira da furanni, suna ɗaga hannu suna cewa hannuwanmu babu komai. Aka hau su da kulake, ɗaruruwa suka jikkata.

Washegari jita-jita ta bazu cewa an kashe wani ɗalibi. Ƙarya ce, ba wanda ya mutu, amma kafin gaskiya ta fito iyaye sun riga sun fusata. 'Yan wasan kwaikwayo suka daina wasa, suka mayar da gidajen wasa zauren muhawara. Ranar 19 ga wata aka kafa ƙungiyar Dandalin Jama'a a Prague da Havel a gaba, a Bratislava kuma ƙungiyar Jama'a Masu Ƙin Tashin Hankali. Kullum da yamma, cikin sanyin hunturu, dandali ya cika maƙil. Ranar 24 Dubcek da aka yi shekara ashirin da ture shi daga mulki ya fito a barandar wani bene tare da Havel, a daren kuma shugabannin jam'iyya suka ajiye muƙamansu. Ranar 27 ma'aikata suka yi yajin aiki na awa biyu a duk faɗin ƙasar, kuma a ganina wannan ne ya karya ƙashin bayan mulkin, domin gwamnatin da ke cewa ta ma'aikata ce ta ga ma'aikatan sun juya mata baya. Ranar 29 ga Disamba majalisa ta zaɓi Havel shugaban ƙasa. A farkon shekarar ta 1989 yana kurkuku.

Makullan fa?

Kowa ya zaro makullan gidansa daga aljihu, ya ɗaga sama yana kaɗawa. Ka ƙiyasta ƙarar makullan mutum dubu ɗari biyu ko uku a lokaci guda. Ma'anar ita ce lokacinku ya ƙare, ku tafi gida. Saboda rashin zubar da jini Cek ke kiran abin juyin juya halin karan-miski, su kuwa Sulobak suna cewa juyin juya hali mai taushi.

Mutanen da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa haka, me ya raba su bayan shekara uku?

Tun a 1990 aka fara ganin alama, da 'yan majalisa suka kwashe makonni suna gardama kan ko za a sa ɗan layi tsakanin Ceko da Sulobakiya a sunan ƙasa. Abin kamar wasa, amma ƙarƙashinsa akwai tsohon ƙorafi: Sulobak na ganin komai a Prague ake yankewa, su kuwa 'yan rakiya ne. Ga kuma batun abinci. Masana'antun Sulobakiya da yawa na ƙera makamai ne, da kasuwarsu ta mutu rashin aiki ya fi ƙamari a can nesa ba kusa ba.

Zaɓen Yuni 1992 ya fito da mutum biyu da ba sa ga maciji a kan manufa. Vaclav Klaus a ɓangaren Cek yana son sayar da kamfanonin gwamnati cikin gaggawa da tarayya mai ƙarfi. Vladimir Meciar a Sulobakiya yana son a bi sannu, kuma kowane ɓangare ya ci gashin kansa. Suka zauna a birnin Brno, suka ga raba gari ya fi musu sauƙi. Havel ya yi murabus a watan Yuli don kada ƙasa ta rushe a hannunsa. Majalisar tarayya ta zartar da dokar rabuwa ranar 25 ga Nuwamba, ranar 1 ga Janairu 1993 kuma aka wayi gari ƙasashe biyu ne. Dukiyar tarayya aka raba, Cek kashi biyu Sulobak kashi ɗaya, gwargwadon yawan jama'a, har jiragen yaƙi. Kuɗin bai ɗaya da suka shirya riƙewa na wani lokaci bai wuce makonni shida ba.

An tambayi jama'a kuwa?

A'a, kuma wannan ne tabon da masu yabo kan tsallake. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, duk da cewa mutane sama da miliyan biyu sun sa hannu suna nema, kuma binciken ra'ayi na lokacin ya nuna masu son rabuwa ba su kai rabi ba a kowane ɓangare. Waɗanda suka kaɗa makullai don a riƙa jin muryarsu, a babbar magana irin wannan ba a saurare su ba. Abin da za a yaba shi ne ba a harba ko harsashi ɗaya ba, a daidai lokacin da Yugosilabiya ke cin wuta. Ya taimaka cewa iyakar da ke tsakaninsu tsohuwa ce, ba wanda ke da'awar garin wani.

Yau yaya zamansu?

Cek ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1999. Sulobakiya ta makara saboda salon mulkin Meciar, sai a 2004, shekarar da su biyun suka shiga Tarayyar Turai rana ɗaya. Sulobakiya ta karɓi kuɗin yuro a 2009, Cek tana nan da kuɗinta koruna. Dimokuraɗiyyar tana shan gwaji: a 2018 aka kashe ɗan jarida Jan Kuciak da budurwarsa, jama'a suka sake cika dandali har firaminista Robert Fico ya sauka, daga baya kuma ya dawo ta akwatin zaɓe. Dubban ɗaliban Sulobak na karatu a jami'o'in Cek kyauta, suna ma iya amsa jarrabawa da harshensu. Sabon shugaban kowace ƙasa kuma, bisa al'ada, ɗaya ƙasar yake fara kai wa ziyara.