Gyaran fatar fuska da hasken IPL

IPL (Intense Pulsed Light a Turance) hanya ce ta gyaran fata da ake haska wa fuska wani haske mai ƙarfi, walƙiya bayan walƙiya, domin a ƙona abin da ake son kawarwa, kamar baƙin ɗigo, ƙananan jijiyoyin jini ko saiwar gashi, ba tare da an yanka fatar ba. A shagunan kwalliya da asibitocin fata na Abuja galibi akan haɗa ta da leza a kira su da suna ɗaya, amma na'urori ne daban. Leza haske ɗaya take fitarwa mai zango guda, wato tsawon igiyar haske, wanda ake aunawa da nanomita. IPL kuwa fitilar iskar zenon ce da ke watsa haske mai zango da yawa, daga wajen nanomita 400 zuwa 1200, sai a sa gilashin tacewa a gabanta a rage wanda ba a so. Amfaninta ya fi tabbata a kan farar fata. A kan baƙar fata haɗarinta yana ƙaruwa gwargwadon duhun fatar.

Tarihi

Tushen aikin wata ƙa'ida ce da Rox Anderson da John Parrish na jami'ar Harvard a Amurka suka bayyana a 1983. Sun nuna cewa idan aka zaɓi zangon hasken da wani abu a cikin fata ya fi sha, aka kuma gajarta walƙiyar ta yadda zafin ba zai samu lokacin bazuwa ba, za a iya lalata wannan abu a bar naman da ke kewaye da shi lafiya. Kusan duk na'urorin hasken fata na yau a kan wannan ƙa'ida aka gina su.

Ita IPL ana danganta ƙirƙirarta da Shimon Eckhouse, masanin kimiyyar lissafi da haske daga Isra'ila, wanda ya yi aiki da likitocin fata Mitchel Goldman da Richard Fitzpatrick na San Diego a wajajen 1992. Abin da suka nufa da farko jijiyoyin ƙafa ne, fuska ba ta cikin lissafi. Na'urar farko, PhotoDerm, ta kamfanin ESC wanda daga baya ya zama Lumenis, ta samu izinin hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1995. Na'urorin zamanin sun yi ƙaurin suna wajen ƙuna, domin wutarsu takan zo da ƙarfi a farkon walƙiya sannan ta faɗi, kuma ba su da hanyar sanyaya fata mai kyau. A ƙarshen shekarun 1990 likitoci suka lura cewa in an haska fuska gaba ɗaya da ƙaramin ƙarfi sau da dama, launinta kan daidaita, daga nan aikin ya shiga harkar kwalliya. Na'urorin baya-bayan nan suna fitar da wuta daidai daga farkon walƙiya zuwa ƙarshenta, suna kuma da bakin gilashi mai sanyi. Duk da haka yawancin gwajin da aka kafa hujja da shi a kan Turawa da mutanen gabashin Asiya aka yi shi.

Yadda take aiki

Abubuwa uku ne a fata suke shan wannan haske: melanin, wato sinadarin da ke ba fata da gashi launi, hemoglobin da ke cikin jini, da ruwa. Hemoglobin ya fi shan haske a wajen nanomita 418, 542 da 577. Melanin yana sha a kusan dukan zangon, amma shan nasa yana raguwa yayin da zangon ke tsawo. Haske mai gajeren zango a saman fata yake tsayawa, mai dogon zango ya fi nutsewa.

Mai aiki da na'urar abubuwa huɗu yake juyawa. Akwai gilashin tacewa, wanda aka saba samu a lambobi irin su 515, 560, 590, 640, 695 da 755, kowanne yana tare hasken da ke ƙasa da lambarsa. Akwai ƙarfin wuta, da ake aunawa da jul a kan kowace murabba'in santimita, yawanci tsakanin 10 da 40 bisa ga na'urar, kuma lambar wata na'ura ba ta yin daidai da ta wata. Akwai tsawon walƙiya, na 'yan milisakan. Sai kuma raba walƙiyar gida biyu ko uku da ɗan hutu a tsakani, domin saman fata ya huce yayin da jijiya ko saiwar gashi ke riƙe da zafinta. Ana ɗaukar gilashin tacewa mai ƙaramar lamba don ɗigo da jan fuska a farar fata, mai babbar lamba don gashi da fata mai duhu.

Matsalar baƙar fata daga nan take farawa. Hasken ba ya bambance melanin ɗin tabo da melanin ɗin lafiyayyar fata. A fuskar Bature mai ɗigon rana, ɗigon ne kaɗai baƙi, shi ne zai sha wutar. A fuskar da duk samanta cike yake da melanin, fatar ce take tare hasken kafin ya kai inda aka aike shi, sai ta ƙone. Likitoci suna amfani da ma'aunin launin fata na Thomas Fitzpatrick, wanda ya fara a 1975 aka faɗaɗa shi daga baya zuwa rukuni shida, daga na 1 mafi fari zuwa na 6 mafi duhu. IPL ta fi dacewa da rukuni na 1 zuwa na 3, ana yin ta da taka-tsantsan a na 4, kuma galibin masana ba sa son ta a na 5 da na 6, inda yawancin 'yan Najeriya suke. Wankan tarwaɗa ma sau da yawa a na 5 yake faɗawa.

Abin da ake yi da ita

Inda ta fi cin nasara shi ne ɗigon da rana ke bari a fuska da bayan hannu, da ƙananan jijiyoyin da ke fitowa a kumatu da gefen hanci, da jan fuskar nan mai naci da likitoci ke kira rosacea. Tana rage gashi in gashin baƙi ne fatar kuma fara ce. Ba ta taɓa furfura, domin babu melanin a cikinta. Ragewar gashin ta tsawon lokaci ce, amma wani yakan dawo.

Tana ɗan rage kurajen fuska masu kumburi, amma ba ta kai magungunan sha da na shafawa ba. A kan tamoji tasirinta kaɗan ne. Tun daga shekarun 2000 likitocin ido suna amfani da ita wajen bushewar ido da ke zuwa daga toshewar ƙofofin maiƙo na fatar ido, kuma wata na'ura ta samu izini don wannan a Amurka a 2021.

Ba ta ƙara hasken fata, ko da yake ana tallata ta haka. Ba ta kuma cire ƙananan baƙaƙen tsiron nan da ke yawaita a kumatu da wuyan baƙar fata in shekaru sun ja; waɗannan da ƙaramar allurar lantarki ake ƙone su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake yin zama ɗaya

Kafin komai ana tambayar tarihin fata da magunguna, a duba kowane tabo da kyau. Sai a yi gwaji a ɗan wuri ɓoyayye, kamar gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi. A farar fata kwana ɗaya ko biyu sun isa a ga sakamako. A fata mai duhu ana jira mako guda zuwa biyu ko fiye, domin baƙin da ke biyo bayan ƙuna ba ya fitowa nan take. Wurin da aka tsallake wannan gwaji saboda biki ya matso, nan ake iya samun ɓarna.

Ranar aiki ana wanke fuska tas, a goge hoda, jan baki, kwalli da turare. In akwai gashi aske shi ake yi, ba a tuge shi ba, ba a kuma sa halawa a makonnin da suka gabata, tunda saiwar ce ake nema. Ana rufe idanu da marufi wanda haske ba ya ratsawa, mai aikin shi ma ya sa tabarau na musamman. Ana shafa jel mai sanyi marar launi, kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, a kwantar da bakin gilashin daidai a kan fata, a bi fuska layi-layi ana ɗan haɗa gefen kowace walƙiya da ta baya, kamar kashi goma cikin ɗari. In an danna da ƙarfi jinin jijiya ya gudu, aikin jan fuska ya tashi a banza. In gefen gilashin ya ɗaga, sanyin ba ya taɓa fata. Zafin kamar na harbin roba ne. Fuska gaba ɗaya takan ɗauki minti 20 zuwa 30, kuma akan yi zama uku zuwa shida, da tazarar mako uku ko huɗu.

Bayan an gama fuska takan yi ja da ɗumi na 'yan sa'o'i. Ɗigon da ya karɓi wuta yakan ƙara baƙi, ya bushe, ya zube da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba a ɓantare shi. A wannan lokaci ana barin dilka, kurkur, sabulun goge fata, turaren tsuguno mai zafi kusa da fuska da man retinol, a riƙa shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama da haka. Ga mai saurin yin baƙin tabo an fi son man kariya mai launi, wanda ke da sinadarin ƙarfe, domin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun fata.

Illoli

Ƙuna ita ce kan gaba. Takan fito da siffar bakin na'urar, murabba'i-murabba'i a jere a kumatu ko goshi, wani lokaci da bororo. Dalilanta sanannu ne: gilashi mai ƙaramar lamba a kan fata mai duhu, wuta da yawa, walƙiya gajera ba hutu, jel kaɗan, sanyaya da ta lalace, ko maimaita walƙiya a wuri guda. Na'urori masu araha da ba a auna ƙarfinsu lokaci-lokaci sukan nuna lamba ɗaya su fitar da wata, kuma fitilar kanta tana raunana in ta tsufa, sai mai aiki ya saba ƙara wuta, ranar da aka sa sabuwa a ƙona mutum.

Baƙin tabo bayan ƙuna ya fi yawa a baƙar fata, yana iya ɗaukar watanni, wani ya haura shekara. Akasinsa, wato farin tabo inda ƙwayoyin da ke yin melanin suka mutu, ya fi wuyar magani, wani ba ya komawa. Mai jikin da tabonsa ke tsirowa ya yi tudu, kamar yadda ake gani a kunnen wasu bayan huji, yana cikin haɗari in ƙunar ta yi zurfi. Baƙin kumatu da ke zuwa wa mata da juna biyu ko maganin tazarar haihuwa, wanda ake kira melasma, yakan yi sauƙi na ɗan lokaci ya dawo fiye da da, domin zafi yana tayar da shi. Wani lokaci maimakon gashi ya ragu sai ya ƙaru a gefen wurin da aka haska, musamman a fuska da wuyan mata masu duhun fata, kuma ana danganta hakan da wutar da ba ta kai ta kashe saiwa ba.

Ido ma yana da melanin. Walƙiya kusa da gira ko fatar ido ba tare da marufi ba ta jawo wa mutane kumburin cikin ido, lalacewar baƙin ido da rashin jure haske na dindindin. Runtse ido kawai ba ya wadatarwa. Hasken yana iya tayar da kurajen zazzaɓi na leɓe, shi ya sa ake ba mai yawan yin su maganin rigakafi kafin zama.

Akwai illar da ba a ji a ranar. In aka haska baƙin tabon da a gaskiya sankarar fata ce, launinsa zai dushe cutar kuma ta ci gaba a ɓoye. Wannan ya fi shafar zabiya, waɗanda rana ke yi wa ɓarna sosai: duk wani tabo ko ɓawon da ya ƙi warkewa a fatarsu likita ne ya kamata ya fara gani.

Waɗanda ba a yi wa

Ba a yi wa wanda rana ta ƙona a makonni huɗu da suka wuce, ko mai shan maganin da ke sa fata jin haske irin su doxycycline, ko mai cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke kai wa jiki hari, ko mai farfaɗiyar da walƙiya ke tayarwa, ko mai ciwon da ke ci a fuska. Akan ɗage wa mai juna biyu. Ba a bi ta kan zanen gira na dindindin, zanen allura, ko lallen da bai goge ba, domin tawadar za ta sha wuta.

Masu shafa man bilicin matsalarsu daban ce. Hasken da ake gani a fuskarsu ba ya canza rukunin fatarsu na asali, ƙwayoyin melanin suna nan, kuma da ƙarfinsu suke mayar da martani in an ƙona su. Man da ke da sitiroyid irin su clobetasol yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya jinkirta warkewa. Daɗewa a kan hydroquinone kuma yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani. Mai aikin da ya auna wuta da launin da ya gani, bai tambayi abin da ake shafawa ba, zai yi kuskure. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Saɓani

An daɗe ana cewa a jira wata shida bayan daina shan isotretinoin, maganin kurajen fuska masu tsanani, kafin a yi IPL. Wasu ƙwararru tun 2017 suna ganin ba dole ba ne. Ana kuma jayayya kan ko sababbin na'urori masu gilashin 695 ko 755 sun isa amintattu a rukuni na 5. A rukuni na 6 saɓanin kaɗan ne, galibi ba sa son a yi ta.

A Abuja da Jos

Ana samun na'urar a wuraren kwalliya na unguwanni irin su Wuse II, Maitama da Gwarinpa, ana kuma sayar da ƙananan na gida ta intanet. Na gidan wutarsu kaɗan ce, kuma da yawansu suna da na'urar gane launi da ke hana su tashi a kan fata mai duhu. Farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Biranen biyu suna wajen digiri 9 zuwa 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana da kaifi duk shekara, babu lokacin da za a ce an huta da ita kamar yadda Turawa ke jiran sanyi su yi aikin. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta yana sa a yi sakaci, alhali hasken da ke ƙona fata ƙaruwa yake yi da tsayi. Hunturu yana busar da fata ya tsattsage ta, abin da ke jinkirta warkewa. Amaryar da ke gyaran jiki tana buƙatar aƙalla wata uku kafin biki in har za a yi gwaji a kammala zama uku, kuma ba a haɗa shi da dilka ko halawa a mako guda.

Don rage gashin fuska da kurajen aski a baƙar fata, likitocin fata sun fi zaɓar lezar Nd:YAG mai zangon nanomita 1064, domin melanin ɗin saman fata ba ya shanta sosai. Don baƙin tabo kuwa ana farawa da maganin abin da ya kawo shi, man kariyar rana, da mayuka irin su azelaic acid ko tretinoin a ƙarƙashin kulawar likita. Ana samun likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa na Gwagwalada da Jos, kuma ana iya tabbatar da rajistar likita a wurin hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori.