Waiwaye: Yadda hadda ta samu gindin zama a lakwal ɗin Damagaram

Duk wanda ya bi ta bayan wata firamare a Garin Malam ko Kara-Kara da hantsi ya san wannan amon. Mushe, wato malamin aji, ya faɗi jimla da Faransanci, aji ya ɗauka baki ɗaya, a sake, a kuma sakewa. Na taɓa tare ƴar ƙanwata da ta zo mini da darasinta tsaf a ka, na ce ta gaya mini da Hausa abin da ta faɗa. Sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi.

Abin ya daɗe. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, nan ce kuma hedikwatarsu kafin su mayar da ita Yamai a 1926. Tafinta da akawu suke buƙata, don haka lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, ta kwafa ce da maimaitawa, cikin harshen da ba a yi a gidan kowa. Da aka samu ƴanci a 1960, haka aka gaje ta.

Wani zai ce ai hadda ba baƙuwarmu ba ce. Gaskiya ne, amma almajirin da ya sauke yakan zauna a zaure gaban malam, a bi masa littafi kalma-kalma ana fassarawa da Hausa. Ɗan lakwal bai samu wannan zaman ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a garin nan aka fara gwada maganin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo. Dokar ilimi ta 1998 ma ta ba harsunan gida gurbi. Amma shekaru suka yi ta wucewa ana kiran abin gwaji.

Kuɗi ne suka yanke. Farashin uraniyum ya faɗi a shekarun 1980, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yara kuwa sai ƙaruwa. Daga baya aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi, da yawansu ba wani horo, albashi kaɗan, yajin aiki kusan kowace shekara. Ga ajin zana, wanda ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, damina na kawo kai kuma a tashi. Malamin da ke gaban aji maƙil, ba littafi sai alli da allon bango, me ya rage masa in ban da "ku maimaita"? Binciken PASEC na 2014, mai auna ƙoƙarin ɗalibai a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu gama firamare a Nijar ba su kai matakin da ake so a karatu ba.

Irin waɗannan yaran kan tuƙe a kwaleji, kafin BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Ga jami'a a cikin gari, ga matatar mai tun 2011, amma ka zauna a fada, wato majalisar samari, da dare ka saurare su: hirar kabu-kabu ce, da ta kuɗin motar Agadas. Ƴan mata kuwa, da karatu ya cije sai maganar aure.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ƴar ƙanwar tawa tana aji biyar yanzu, har yau da Faransanci take kwafo darasi daga allo, ta zo gida ta haddace.